Auta Ya Je Riƙon Layi

A Maraɗi babban mutum ba ya bin layi. Ban san ko yanzu an daina ba, amma a zamanin da nake magana ko ƙaramin yaro ya san haka. In Alhaji yana da buƙata a banki, ko a duwan wato kwastan, ko a meri wato ofishin magajin gari, ko a gidan mai lokacin da mai ya yi wuya, ba shi ne zai je ya sha rana ba. Akwai wanda ake turawa tun da asuba ya tsaya, a ture shi, a taka masa ƙafa, in an kusa zuwa kansa sai ya aika gida a faɗa. Alhaji ya iso cikin shadda da ƙamshin turare ya shige gurbin, mai riƙon layi ya ja da baya ya nemi inuwa. Ba mai cewa uffan, domin na gaba da na baya su ma yawanci layin wasu suke riƙe da shi. Har ranar Juma'a haka ake yi. A tura mutum da darduma ya kama wuri a sahun gaba, sai liman ya kusa fitowa mai wurin ya taho yana tsallake kawunan bayin Allah. Mun saba da abin har mun daina ganinsa.

A gidan Alhajin unguwarmu ta Sabon Gari, ƙanena ne mai riƙon layi. Shi ne autanmu, Auta muke ce masa, ko da yake a lokacin ya haura shekara ashirin, kuma in zai shiga ɗakina sai ya sunkuya saboda tsawo. Mu mutanen Jiratawa ne. Baba yana da ɗan fili a gonakin rani na can inda ake ban ruwa ta magudana, kuma tun da yanar ido ta kama shi, Auta ne gonar. Shi ke huɗa, shi ke dashen albasa da tattasai, shi ke kwashewa. In aiki ya yi sauƙi sai ya shigo birni ya sauka a zaurenmu, ya yi dako a siton Alhaji. Alhaji ya lura yaron yana da haƙuri, ba ya faɗa da kowa, ba ya barin wuri ko da fitsari ya matsa masa. Shi ke nan ya mai da shi ɗan layi.

Ni kuma ina auren malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda kowa ke kira Mushe, ina ɗan taɓa ɗinki a gida da keke. Shekarun nan ne da dimokuraɗiyya ta shigo mana. Jam'iyyu suka yi yawa kamar ƙuda a mahauta, wa da ƙane suka daina gaisawa kan tuta da hoton ɗan takara. Mushe ya fi zama gida yajin aiki da shiga aji. Can arewa kuma ƴan tawayen Buzaye suna tare hanya suna harbi, mu dai a rediyo muke ji. A duk layinmu ban san mutum biyu da suka taɓa wuce garin Tawa ba. Jibiya muka sani da Katsina da Kano, can ake sayayya, can ake kai amare, can ake kai mara lafiya in ciwo ya yi tsanani. In ka tambayi Baba shi ɗan ina ne, Bakatsine zai ce maka. Inna Bagobira ce ta Tsibiri, ga zanenta nan a kumatu, kullum suna tsokanar juna kan kakannin wa suka fi iya yaƙi. Ita kuwa Nijar, a wurin Baba, ita ce jandarman da ke tsai da mota ya ce kowa ya fito da katinsa. Ni na yi lakwal har aji shida. Na iya taken ƙasa da Faransanci daga farko har ƙarshe, ina rera shi da ƙarfina kowace safiya a gaban tuta, amma wallahi sai da na yi aure Mushe ya fassara mini abin da nake faɗa.

Kwatsam sai gari ya tashi da kishin ƙasa. An kashe sojoji a wata hanya ta arewa, aka ce za a yi macin goyon bayan soja, kowace jam'iyya kuma tana son ta nuna ta fi ƴar'uwarta son ƙasa. Hajiya, uwargidan Alhaji, ta aiko mini da yadi kala uku, ruwan lemo da fari da kore, in ɗinka wa yara ƙananan tutoci. Da murfin gwangwanin tumatir nake zana hoton ranar nan ta tsakiyar tutar ƙasa ina yankewa, har yatsuna suka yi kanta. Teloli a kasuwa kuwa ba sa sauraren kowa, domin yadin kakin soja mai dabbare-dabbare ya zama abin yayi. Abin dariya, daga Kano ake shigo da shi. Babban ɗan Alhaji, sa'an Auta, wanda ake kira Alhaji Ƙarami, aka yi masa riga da wando har da hula. Ya sa baƙin tabarau, ya hau babur yana zaga unguwa, tumbi a gaba maɓalli na neman tsinkewa. Har jarirai na gani a goye cikin kakin soja. Tir!

Ranar macin na fita kallo. Ga makaɗa, ga maroƙa, ga mata na rangaɗa guɗa, ga ƴan lakwal da tutocina suna kaɗawa. Samari suna ta ihu a kai su arewa yau yau, su za su gama da ƴan tawaye kafin magariba. Yaƙin da na ga an yi a ranar guda ɗaya ne. Akwai wani tsohon Buzu mai gadin siton Alhaji, tun ban yi aure ba yake nan yana dafa shayinsa a bakin ƙofa, kowa ya san shi, yawancin samarin nan sun sha shayinsa. Shi suka jefa da duwatsu, suka shure masa buta, suna ce masa ɗan tawaye. Tsoho ya rasa inda zai sa kansa, ya kama warware rawaninsa yana cusawa cikin riga. Auta ne ya ratsa su ya ja shi cikin sito ya rufe ƙofa. Na tsaya ina kallon jarumawan garinmu.

A filin taro aka miƙa wa Alhaji lasifika. Ya gyara babbar riga, ya kamo hannun Alhaji Ƙarami ya ɗaga sama.

"Jama'ar Maraɗi, ku shaida!" ya ce. "Mu jikokin maza ne, ba mu gaji tsoro ba. In ƙasa tana son jini, ga jinin gidana. Ranar da za a ɗebi soja, ɗana na cikina shi ne na farko a ƙofar bariki!"

Wuri ya ɗauki sowa. Maroƙa suka yi kansa, ganguna suka ɓarke, wata tsohuwa kusa da ni har da hawaye. Mushe ya sunkuyo kunnena ya ce, "To, Allah ya kai mu ranar."

Allah kuwa ya kai mu. Ba a daɗe ba aka yi shela a rediyo za a ɗebi sabbin sojoji, duk saurayi mai lafiya ya hallara ƙofar bariki. Ƴan adawar Alhaji ba su manta ba, a majalisu sai zancen ake yi ana ƴar dariya. Har yau ban san takamaimai abin da ya shirya ba. Wasu sun ce nufinsa yaron ya je a gan shi a gaban layi, a ɗauki hoto, likitan soja ya ce ba shi da lafiya, a dawo gida da mutunci. Na yarda da wannan, domin ya yi kama da shi. Sai dai zama na farko a ƙofa yana buƙatar sammako, Alhaji Ƙarami kuwa ba ya tashi sai rana ta buga masa taga. To me za a yi? Abin da aka saba. Aka ce wa Auta gobe ya kama wa Ƙarami wuri a ƙofar bariki, kuma na farko ake so. Ya fita da asuba kamar yadda yake fita kullum.

Ashe soja ba banki ba ne. Wani maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu da ya kai fasinja wurin a babur shi ya ba ni labari. Ya ce samari sun cika hanya maƙil, ƴan ƙauye da ƴan birni marasa aikin yi, wasu ko takalmi babu. Da aka buɗe ƙofa sarjan ya kora na gaba ciki kamar ana kora tumaki, aka mai da ƙofa aka rufe. Aka ce kowa ya cire riga, aka ce a zaga fili da gudu. Mutumin da ya tashi da fartanya da buhun albasa a kafaɗa, wa zai riga shi? Auta ya zo cikin na gaba. Aka duba masa haƙora da ido da ƙirji, aka ware shi gefe. Sai da hantsi ya dubi ludayi Alhaji Ƙarami ya iso a babur cikin kakinsa na tela. Sojan bakin ƙofa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce in bai ɓace ya cire wannan tufa ba zai cire masa ita da bulala. Ya juya babur ya koma gida. Kafin azahar an yi wa Auta aski ƙwal-ƙwal.

Ɗan kabu-kabun ya ce ranar Litinin kamiyo, babbar motar soja, zai kwashe su zuwa wurin horo, in kuwa suka bar Maraɗi ba mai iya fito da shi. Na ja mayafi ko takalmi ban sa daidai ba, na nufi gidan Alhaji.

Na tarar da zaure cike da mutane, wai barka suke yi masa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

"Alhaji, maganar Auta ta kawo ni. Layi aka tura shi riƙo, ga shi sun riƙe shi."

"Na ji, matar Mushe, na ji. Ikon Allah ke nan. Mutum shina nasa, Allah ya riga ya tsara."

"Ka san kumandan, Alhaji. Kalma guda ce a bakinka su sako shi. Baba ba ya gani, ba shi da kowa a gona sai shi."

"In tahi in ce mi? In ce a sako mini mutum ana cikin yaƙi, bayan abin da na faɗa a gaban jama'a? Haba, ke ma ki duba. Yaron nan ai ɗa ne a wurina. Gidana ya yi alkawari, gidana ya cika."

Zuciyata ta tafasa. Na shafa wa idona toka na ce, "Ɗanka na cikinka ka ce, Alhaji. Ina wurin, da kunnena na ji."

Wani dattijo ya ce in ji tsoron Allah in san da wa nake magana. Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya yi murmushi irin na wanda ba abin da zai same shi. Ya ce Ƙarami yana fama da hawan jini tun yana yaro, kowa ya sani, shi ma ba ƙaramin baƙin ciki ya yi ba da aka hana shi shiga. Ya ce in kwantar da hankalina, zai aika da buhun shinkafa Jiratawa. Shinkafa! Na tashi ban yi sallama ba. Da yamma ina tankaɗe sai na ji a labaran Hausa na rediyo ana yabon wani attajiri na Maraɗi wanda gidansa ya ba da kurtu na farko, ana kira ga sauran masu hali su yi koyi da shi. Na kashe rediyon da ƙarfi har Mushe ya ce in yi hankali kar in fasa masa. Washegari aka tura Alhaji Ƙarami Kano ɗauko kaya, hawan jinin bai hana shi wannan tafiyar ba.

Na je Jiratawa na gaya wa su Baba. Baba ya shafa gwiwarsa.

"To wa zai yi mini ban ruwa?" ya ce. Sai kuma ya ji kunyar abin da ya faɗa, ya yi istigfari. Can ya sake cewa, "Da su wa za su yi faɗan ne? Mi suka yi muna?"

Inna kuwa ba ta tsaya tambaya ba, ta shiga ɗaki ta ɗauro zane.

"Ke ki nemi hanyar hito da shi," ta ce. "Ni zan tahi Tsibiri in nemo abin da zai tsare shi in ba ki samu ba."

"Inna, kar ki yi masa fatan tafiya mana!"

"Ba fata na yi ba. Ni na haife shi, na fi ki sanin kansa."

Na ji haushin maganar, amma na raka ta. A Tsibiri wurin yayanta muka sauka, kawunmu, tsohon da gidansu ya gaji maganin ƙarfe. Ya saurare mu, ya shiga ɗaki ya fito da laya ƴar ƙarama cikin jar fata. Mutumin kirki ne, bai yi mana ƙarya ba. Ya ce wannan na kibiya ne da takobi da mashi, shi ya gada, kakanninsa ba su san bindigar yanzu mai aman wuta ba. Ya ce mu ɗauka dai mu haɗa da addu'a. Inna ta karɓa da hannu biyu ta ƙulle a haɓar zane.

Ni kuma na tuna ina yi wa matar wani ajidan, babba a barikin soja, ɗinki. Na je na zube mata, na yi kuka, ta tausaya ta haɗa ni da mijinta. Ajidan ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da yake aikin soja bai taɓa jin an aiko mutum riƙon layin yaƙi ba, sai a Maraɗi. Sa'an nan ya ce abin ai ba wuya. Ga samari can bakin ƙofa suna kwana suna roƙon a ɗauke su, ba don sun san inda arewa take ba, don dai a bariki ana cin abinci sau uku. In Auta ya tsaya gaban kapitan ya ce ba da son ransa ya zo ba, a take za a sallame shi a ba wani gurbin. Amma fa sai da bakinsa. Na yi ta godiya har ina neman kama masa ƙafa. Na koma gida ranar ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka, har tuwo na ci da yawa.

Ranar Lahadi aka bar mu muka shiga bariki, ni da Inna. Muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro kusa da ƙofa. Sai ga shi ya taho, kai a aske, wando ya ɗage masa sama da idon sawu, ƙafarsa cikin manyan takalma baƙaƙe yana takawa a hankali kamar mai tsoron kar su ƙare. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaishe ni. Ban bari ya gama ba na zayyana masa komai, na ce ya tashi yanzu mu je wurin kapitan, ajidan yana jira.

Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalmi.

"Yaya, ba ni hita."

"Ba ka mi? Auta, ka sha wani abu ne?"

"Ban sha komi ba. Tun ranar na gaya masu. Na ce wa sarjan ni layin wani nake riƙo. Ya dube ni ya ce, to kai ba ɗan ƙasa ba ne? Yaya, na rasa abin da zan ce masa."

"Sai ka ce masa a'a! Ƙasar mi ta taɓa yi maka? Lakwal ta sa ka, ko asibiti ta kai Baba? Masu cin ƙasar suna can kwance a gaban fanka, sun ɗinka wa ƴaƴansu kaki na wasa, kai kuma za ka kai ƙirjinka a harba. Kai wane irin sakarai ne?"

"Ba ta yi mini komi ba," ya ce. "Amma nan da na yi gudu na zo gaba, ba wanda ya taho ya taɓa mini kafaɗa ya ce in matsa mai wuri ya iso. Ni na tsaya, ni aka ɗauka. Tunda nake ban taɓa kaiwa gaban layi aka bar ni na shiga ba sai nan."

Na ji maganar har cikin ƙashina, amma na ƙi nunawa. Na ce Baba fa? Gona fa? Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a ba maƙwabcinmu ya noma a raba, shi zai riƙa aikowa da abin da ya samu. Na zage shi, na ce masa mara tausayi, na ce ya sayar da ubansa a kan takalmi. Inna kuwa ta matso kusa da shi. Ta kwance haɓar zane, ta ce ya ɗaga riga, ta ɗaura masa layar a damtse, ta tofa masa addu'a a ka. Ta ce, "Allah ya tsare gabanka da bayanka. Ka riƙe salla." Na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji haushin kowa da kowa a garin nan. A hanyar komawa ban yi mata magana ba har tasha.

Ranar Litinin aka yi musu rakiya da badujala. Perfe mai mulkin jihar ya zo, manyan jam'iyyu suka zo, Alhaji yana sahun gaba a inuwar rumfa yana ɗaga hannu. Kurata suka hau kamiyo a tsaye suna wata waƙa da aka koya musu, ba na jin akwai wanda ya san ma'anarta a cikinsu. Na hango kan Auta ya zarce na saura, yana waige-waige yana nemana. Na gan shi sarai, na ƙi ɗaga hannu. Mushe ne ya ɗaga masa.

Daga nan gari ya koma harkarsa. Kishin ƙasa bai kai damina ba ya bushe. Kakin yara ya zama tsumman goge babur, tutocina na gan su a kwata. Aka koma rigimar majalisa da gwamnati, yau maci kan wannan gobe maci kan wancan, kuma samarin da suka rantse za su je arewa su ne dai a gaba, an canja musu riguna kawai. In aka ce an yi harbi a arewa, a majalisar shayi sai a ce Allah ya kyauta a ci gaba da karta. Mu kaɗai muke manne wa rediyo, mu da sauran gidajen da aka ɗebar wa ƴaƴa.

Sau ɗaya ya zo hutu. Ya rame, ya yi baƙi, takalman nan sun buɗe baki ya ɗaure su da waya. Ya ce aikinsu rakiyar ayarin manyan motocin ƴan kasuwa ne daga gari zuwa gari, su a buɗaɗɗiyar mota a gaba, kaya a baya. Ya ce shi bai taɓa ganin fuskar ɗan tawaye ba, ƙara kawai suke ji daga duwatsu su kwanta su mai da martani. Albashi kuwa wata ya zo wata ya ƙi, abin da ya yi alkawarin aikowa bai taka kara ya karya ba. Na ce to ka gani? Sai ya yi dariya ya ce ya iya gaisuwa da Zabarmanci da Barbarci, amininsa a can wani yaro ne daga bakin tafkin Cadi, tare suke cin kwano ɗaya. Ya ce, "Yaya, ashe ƙasar nan tana da girma." Yadda ya faɗe ta da gaskiyarsa ya sa na kasa yi masa tsiya. Ya je Jiratawa ya gyara wa Baba magudana, ya koma. A lokacin an fara zancen sulhu a rediyo, na sa rai an kusa sako mana shi.

Wata safiya na je kasuwa sayen zare. Da na dawo sai na tarar hanyar gidan Alhaji a toshe da motoci. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi da darduma har tsakiyar titi, ga motar soja a gefe, ga manyan gari zaune sahu-sahu. Na ce innalillahi, tsohuwar Alhaji ta cika ke nan, domin ta daɗe tana jinya. Duk da abin da ke tsakaninmu mutuwa ta fi gaban gaba, sai na gyara mayafi na bi ta ƙofar mata in yi gaisuwa. A soro na ci karo da wata baƙuwa tana fitowa da tire, na ce mata, "Baiwar Allah, wa ya rasu?"

"Ba ki ji ba? Wani yaron gidan ne, sojan nan. An harbe shi a hanyar arewa, can ma aka rufe shi. Tun jiya da la'asar sojoji suka kawo labari."

Ba ta san ni ba. Ta wuce da tirenta.

Daga baya na fahimci yadda aka yi. Da aka tambaye shi a bariki inda za a kai labari in wani abu ya same shi, gidan Alhaji ya faɗa, domin ita ce ƙofar da kowa ya sani a Sabon Gari. Tsakanin ƙofar nan da tawa kuwa, in ka ɗaga murya daga can ina ji. Amma tun jiya ba a samu wanda zai taka ya gaya mini ba, an shagala da sanar da perfe da kumandan da hayar rumfa. Na leƙa waje ta ƙofar soro. Ga Alhaji a tsakiya, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna cewa, "Sai haƙuri, Alhaji. Allah ya ba ka ladan abin da ka ba ƙasa." Shi kuma yana amsawa da murya ƙasa-ƙasa. Alhaji Ƙarami yana zagawa da faranti yana raba dabino.

Hajiya ta hango ni daga tsakar gida. Ta dafe ƙirji ta ce, "Af, matar Mushe! Wallahi yanzun nan nake cewa a aika miki. Shigo ki zauna, shigo."

Ban shiga ba. Ban yi kururuwa ba kuma, ko da yake na so in yi, na so in fita in kifar da rumfar nan a kansu. Ƙyama ce ta hana kukan fitowa. Na ga in na zauna a tabarmarsu, ni ma na zama ɗaya daga cikin masu yi wa Alhaji ta'aziyya. Na juya da ledar zarena a hannu, ko gida ban biya ba, na nufi tasha na shiga motar Jiratawa.

Rana ta take na isa. Inna tana bayan gida tana surfe, ina jin ƙarar taɓarya. Baba yana zaune a inuwar zaure yana tufka igiya da lalube. Ya ji takuna ya ɗaga kai.

"Wa ke nan? Ke ce? Lafiya kika taho da tsakar rana haka?"

Na durƙusa a gabansa. A birni tun jiya ana karɓar gaisuwar ɗansa, shi kuwa ya ajiye igiya yana ƙwala wa Inna kira ta kawo mini ruwa in sha.